Bashi na Bakwai

A ƙarshen shekarar 2024 muka yi jana'izar wani maƙwabcinmu. Hatsarin mota ya yi a hanyar Zariya, bai ma kai ni shekaru ba. Bayan an idar da salla, kafin a ɗauki makara, wani dattijo ya ɗaga murya ya yi sanarwar da kowa ya saba ji: duk wanda yake bin mamaci bashi, ko mamaci yake bin sa, ya ga yayansa bayan an dawo daga maƙabarta. Na sha jin wannan sanarwa, amma ran nan sai ta tsaya mini a rai. Na tambayi kaina, da ni ne a cikin likkafanin nan, wa zai san abin da ake bi na? Matata ba ta sani ba, yayana bai sani ba. Bashin duk yana cikin wayata, wayar kuma sai da yatsana take buɗewa.

Da dare, bayan yara sun yi barci, na ɗauki littafin rubutu na 'yata na ɓalle takarda daga tsakiya. Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ni kuwa sana'ata rubuta manhaja, wuni nake ina tsara wa kamfanoni yadda za su adana lissafinsu, amma nawa ban taɓa zama na tara shi wuri ɗaya ba. Na jero su: manhajojin rance guda biyu, adashin ofis da na kwashe a farko saura zubi biyar, mai shagon unguwarmu, ragowar kuɗin haya, sai wani abokina. Layi shida. Da na haɗa, naira miliyan 2 da dubu 340. Na sake haɗawa har sau biyu ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban yi ba.

Ba caca na yi ba, ba kuma wata doguwar jinya ce ta cinye ni ba. A 2021 na samu aiki da wani kamfani na ƙasar waje, ina yi daga gida, ana biya na da dala. Kuɗi suka zo, ni kuma na buɗe musu ƙofa biyu. Abin da ido ya gani hannu ya saya. A farkon 2023, lokacin da kamfanonin fasaha suke ta rage ma'aikata a duniya, aka sallame ni da saƙon imel mai layi huɗu. Na samu wani aikin a nan Kano, albashin naira, bai kai rabin na da ba. Sai ga 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Komai ya canza, ban da yadda nake rayuwa. An saba ina cika leda idan zan je gida, an saba ni ne mai cewa "ku bari zan biya". Na kasa cewa babu. Sai na riƙa cin bashi ina toshe wani bashin.

Manhajojin rance su ne suka fi muni. Ɗaya daga cikinsu ba ma daga Play Store na sauke ta ba, domin tun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin da ke cikin wayar mutum. Ta wani adireshi da aka turo mini na samo ta. Ta nemi izinin ganin lambobina, na kuma san sarai abin da wannan izini yake nufi, irin aikina ne. Na danna na amince, saboda ana bi na kuɗin makarantar yara washegari. Da na makara da kwana tara, suka tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo cewa ni macuci ne, na gudu da kuɗinsu. Na bi kowa na ce masa 'yan damfara ne, kada ya kula. Har matata haka na gaya mata.

Saboda haka miƙa mata takardar nan ya fi mini wuya a kan rubuta ta. Ta karanta a tsaye, a bakin kicin. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe saƙon nan gaskiya ne." Na ce gaskiya ne. Na zaci kuka za ta yi ko faɗa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da mukulli ta ajiye a kan takardar. Ta ce, "Abban yara, rabin kuɗin nan suna cikin ɗakin can a kulle. Je ka buɗe."

Gidan da muke haya ɗaki uku ne. Na ukun da sunan ofis na kama shi, amma kafin shekara ya zama ɗakin shirgi, na dawo falo da aiki. A sana'armu, idan muka rubuta abu cikin gaggawa, mukan bar alama a gefe cewa za a dawo a gyara, duk mai wannan aiki kuma ya san ba a cika dawowa ba. Haka ɗakin nan yake. Duk abin da ban shirya yanke hukunci a kansa ba sai in tura shi ciki in ja ƙofa. Ranar Asabar da muka buɗe, ƙofar ma rabi ta buɗu. Keken motsa jiki da na hau bai fi sau goma ba. Allon kwamfuta biyu. Tsofaffin wayoyi uku, kowace da kwalinta. Ƙaramin janareta da na daina tayarwa tun da na sa sola, da matattun batura biyu. Igiyoyin caji cike da jakar bakko. Shaddoji da aka ɗinka don bikin abokai aka sa sau ɗaya, huluna zanna bukar har da waɗanda ba a taɓa wankewa ba, takalma bakwai. Ina ɗaga kowane abu ina tuna ranar da na saye shi da wanda nake so ya gani.

Zafin nama ya ɗebe ni har na fito falo na fara yi wa kujeru da firji kuɗi a raina. Matata ta bi ni da ido ta ce, "Waɗannan kuma na gidanmu ne, da su aka kawo ni." Na yi shiru, domin gaskiyarta. Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, ba su ci bashin nan tare da ni ba. Daga baya da kanta ta fito da wasu kuloli da atamfofi da ba ta amfani da su ta ba dillaliya, amma wannan kyautarta ce, ba haƙƙina ba.

Wata biyu muka yi muna fitar da kaya. Wayoyi na kai Farm Centre, inda yaron da ya karɓa ya jujjuya su ya lissafo mini aibobin da ban taɓa lura da su ba. Allunan kwamfuta na kai Beirut Road. Tufafi dillaliya ta zaga da su gidaje, ta cire la'adarta. Batura da tarkacen ƙarfe 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli a ƙofar gida, maƙwabta suna kallo. Wannan kallon ne na shekara biyu ina cin bashi don in guje masa, da ya zo kuma bai fi minti goma ba. Wani ma tambaya ta ya yi ko janaretan na sayarwa ne, ya saya nan take.

Akwai abin da ya ruɗe ni da farko. Allon da na saya a 2022 na sayar da shi kusan kuɗin da na saye shi, har na dawo gida ina murna ban yi asara ba. Sai da na je cefane da kuɗin na gane lissafin: adadin ne bai canza ba, amma abin da yake iya saya ya zube. Duka-duka kayan suka kawo naira dubu 810. Na fara da manhajojin rance, domin su ne kuɗin ruwansu yake hauhawa kullum, ga shi tun asali na san bai halatta in shiga ba. Na biya, na goge su, na yi istigfari. Sauran na tsara su bisa albashi: mai shago, mai gida, adashi, aboki. Na ajiye mota sai ranar Juma'a, na koma hawa adaidaita sahu. Na karɓi ƙananan ayyuka ina yi da dare. Na koyi cewa "wallahi ba ni da hali yanzu", na ga kuma ba wanda ya mutu don ya ji haka daga bakina.

A ranar ƙarshe ta kwashe ɗakin, a can ƙasan wani kwali, na ci karo da tsohuwar kwamfutata ta cinya. Da ita na yi gwajin da ya sa na samu aikin dala. Na zauna a ƙasa da ita a hannu, domin na san yadda aka yi na saye ta. A farkon 2021 kuɗina bai kai ba, na je wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da maganar. Gwaggo ba ta da albashi. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tana kiwo a bayan ɗakinta. Raguna biyu da take turke don Babbar Salla ta sa aka kai kasuwa, ta ƙulle mini naira dubu 150 a leda. Na ce mata rance ne, wata uku zan dawo da su. Ta ce Allah Ya sa albarka.

Shekara huɗu ke nan. Lokacin da nake da kuɗi ban biya ba. Nakan kai mata atamfa da salla, in ce a raina ai ana ragewa. Da kuɗi suka ƙare kuwa sai na rage zuwa, daga baya na daina, kullum da uzurin aiki. Daren da na rubuta takardar nan ma na tuna da ita, amma na ce wa kaina wannan ai taimakon dangi ne, ba bashi ba. Ƙarya nake, ƙafata ta fi ni sanin gaskiya, tunda shekara biyu ta ƙi taka layinsu. Na ɗauko takardar na ƙara layi na bakwai.

Da na zauna lissafi sai na ga nata ya fi kowane nauyi. Na sa shi a ƙarshe ne don ba ya da ruwa, ba ya aiko saƙo, ba ya tsare ni a hanya. Amma darasin allon kwamfutan nan ya dawo mini. Dubu 150 da suka kasance raguna biyu a 2021, yanzu da ƙyar su sayi ɗaya irinsu. Duk watan da na jinkirta, wani ne yake biyan kuɗin jinkirin, kuma tsohuwar ce. Na tambayi wani malami ko ƙari a kan abin da na ranta zai zama riba. Ya ce idan ba a gindaya shi sharaɗi tun farko ba, kyautatawa ce, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa rantar ƙaramin raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Na roƙi abokina ya ƙara mini wata biyu, ya yarda, na ɗago Gwaggo sama.

Wata Juma'a na je kasuwar Wudil na sayo 'yan raguna biyu na kiwo, na sa dubu 150 a ambulan, na nufi gidanta. Na tarar tana suyar ƙuli. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana. Ta ɗago ta ce, "Babana, yau kai ne a gidan?" Na durƙusa na gaishe ta, na fara jero bayanin da na haddace a hanya. Ta katse ni.

"An karanta mini saƙon nan da aka turo wayata," in ji ta. "Da ka ce 'yan damfara ne na san ba haka ba ne. Shi ya sa ban taɓa aiko maka ba, na ce yaron nan kayan da ke kansa sun ishe shi. Kuɗi kam na sa su a ran Allah tuntuni. Ƙafarka da ka ɗauke ce ta dame ni."

Ban iya cewa komai ba. Ta ƙirga kuɗin a gabana, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta ƙirga su ranar da ta ba ni. Ta leƙa bakin ragunan ta ce an cuce ni a ɗaya. Sannan ta ce in zauna in ci abinci.

Wata goma sha ɗaya aka ɗauka kafin in soke layi na ƙarshe. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban kuma yi alkawarin ba zan sake ci ba, rayuwa ce. Abin da na yi alkawari shi ne duk wanda na ci zai shiga littafi, littafin kuma yana cikin durowar da matata ta sani. Kwamfutar nan na sa an canza mata batir na ba jikan Gwaggo, shi ne wanda ya karanta mata saƙon, yanzu yana zuwa wurina ranar Lahadi ina koya masa aiki. A ɗakin nan muke zama. Babu komai a ciki sai tebur ɗaya da tabarma, ƙofar kuma tana buɗewa har bango.