Wasiƙa zuwa ga 'yata mai goyo

'Yata,

Na ji an kawo miki garin gwangwani mai ƙarin amino asid, wai ki riƙa dama wa yaronki don ya yi ƙiba, alhali wata huɗu kawai gare shi. Don Allah ki dakata.

Idan furotin, wato sinadarin gina jiki, ya narke a ciki, amino asid yake komawa. Hanji ya tsotse, jini ya kai wa hanta. Abin da ake buƙata ya tafi gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa. Ragowar ba ta da ma'ajiya a jiki, dole hanta ta wargaza ta, dattin ya zama yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. To, hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙosawa ba, kuma ƙoda ba ta wanke wannan datti sai ta ja ruwa daga jikinsa. Ga zafin bazara. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Dubi yadda Allah ya auna nonon uwa: furotin kusan giram 1 a mililita 100, na saniya kuwa ya haura giram 3. Shi ya sa masu haɗa madarar jarirai rage shi suke yi, sannan su ƙara sinadarai irin su taurin, wanda ya yawaita a nonon uwa. Amino asid tsantsa kuma ba ya jiran narkewa, nan da nan yake kwarara cikin jini. Likita ne ke rubuta shi ga yaron da jikinsa ya ƙi madarar shanu ƙwarai, ko mai cutar PKU, wanda hantarsa ba ta iya sarrafa amino asid ɗin fenilalanin har ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. Magani ne da ake aunawa, kuma yaronki lafiyarsa ƙalau.

Ki bar shi da nono zalla har ya cika wata 6. Daga nan ƙari zai yi amfani, domin gero da dawa da masara suna da ƙarancin amino asid ɗin laisin, kunun zalla ba ya gina yaro. Waken suya na da shi sosai. Ki soya waken har ya yi ƙamshi, ki ɓarza ki sheƙe ɓawon, ki samo gyaɗa ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse, a niƙa tare da gero. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. Ki riƙa murmushe masa dafaffen ƙwai ko kifin da kika cire wa ƙaya, nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Ranar awo ki tafi da gwangwanin, ma'aikaciyar jinya ta karanta abin da ke jikinsa, ta kuma duba katin yaron. Ki gaishe min da surukarki.

Mahaifiyarki