Ciwon Yaro Ba Ya Jiran Amsa

Aure yakan mutu, amma haihuwa ba ta mutuwa. Ko iyaye suna gida ɗaya, ko kowa ya kama gabansa, yaro na mutum biyu ne. Na rubuta wannan domin 'yan'uwana waɗanda suke ɗauke da kayan mutum biyu a kai ɗaya.

Shekara huɗu ke nan da rabuwarmu da baban yarana. Ni ina Zuru da yara uku, shi kuwa ya koma wani gari. A gaban dattawan ekklesiya ya yi alkawari zai riƙa aiko da dawa da kuɗin makaranta. Gaskiya, yana aikowa. Amma ba wanda ya yi zancen abin da yakan faɗo ba shiri: zazzaɓin cizon sauro da damina, takalmin da ya yage, kuɗin jarrabawar WAEC. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi ma ya zama abin tsoro. In na kira shi, ba ya ɗauka. In na aika saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Abin yakan ba ni mamaki. A al'adarmu ta Dakarkari, kakanninmu sun yi golmo, saurayi ya yi shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. In namiji ya iya zub da gumi haka domin macen da bai aura ba tukuna, ina ga ɗan cikinsa?

Ga abin da nake yi. In ciwo ya zo, nakan biya, gama ciwon yaro ba ya jiran amsa. Sa'an nan in rubuta a littafi: rana, abin da aka saya, da kuɗinsa, in ajiye rasit. Ƙarshen wata sai in aika masa da lissafin, ba zagi, ba tonon tsohon zance. Ba na aiken yara su roƙe shi. Su 'ya'ya ne, ba masu karɓar bashi ba.

Da shirun ya yi yawa, sai na bi hanyar da Ubangijinmu ya nuna cikin Matiyu sura 18: kai kaɗai tukuna, sa'an nan da shaidu, daga baya ekklesiya. Na kai wa wansa littafin, fasto yana zaune. Da ya karanta, ya ce, "Matarmu, ashe haka kike fama?" Bayan mako biyu rabin kuɗin magani ya iso. Saura yana nan a rubuce. Na kuma sani Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye duka biyu nauyin kula da yaro, kotu tana nan in ta kama dole. Ina roƙon Allah kada mu kai can.

Ya ɗan'uwa, in akwai saƙo irin nawa cikin wayarka, ka amsa shi yau. Ko ba ka da kobo, faɗi haka. "Ba ni da shi yanzu" magana ce, ana iya shiri a kanta. Shiru kuwa, yara suna jinsa fiye da yadda kake tsammani.

Ubangiji ya juyo da zukatanmu ga 'ya'yanmu. Amin.