Mai Ƙarfi a Ƙaramar Mota

A fim ɗin katun na The Incredibles, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2004, akwai wata ƙofar mota da ta ƙi rufuwa. Bob Parr ya dawo daga ofis a gajiye, ƙaton mutum a cikin 'yar mitsitsiyar mota, kafaɗunsa sun cika ta maƙil. Yana fitowa ya taka allon wasan yara mai taya da aka yar a ƙofar gida, santsi ya kwashe shi, ya kai hannu ya dafe rufin motar don kada ya sha ƙasa. Da ya ɗaga hannun sai ga shatin yatsunsa a jikin ƙarfe. Ya tura ƙofar, ta ƙi shiga. Ya sake turawa, ta ƙi. Ya ɗan buga ta, gilashi ya tarwatse. Nan zuciya ta ɗebe shi ya sungumi motar ɗungurungum ya ɗaga sama, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan maƙwabta a kan keke mai ƙafa uku, ya saki baki yana kallo, cingam ɗin da ya hura ya fashe masa a fuska. Bob ya sauke motar a hankali ya shige gida.

Babu mugu a wannan ɗan yanki, babu wanda aka ceta, amma a ganina yawancin abin da fim ɗin yake son faɗa yana cikinsa. Finafinan jarumai masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam sun saba da tambaya guda: ƙarfin jarumi zai isa kuwa? Brad Bird, wanda ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, ya juya ta. Wannan mutum ƙarfinsa ya isa har ya yi yawa. Wahalarsa ita ce yadda zai riƙe shi a duniyar da aka yi ƙofofinta da farantanta daidai hannun kowa.

Yadda ya tsinci kansa a wannan hali ma abin dariya ne mai ɗaci. A zamanin da ake kiransa Mista Incredible ya ceci wani mutum da ya faɗo daga saman bene da niyyar kashe kansa, sai mutumin ya ɗauki lauya ya maka shi a kotu, wai ya ji masa ciwo a wuya kuma bai roƙe shi ceto ba. Fasinjojin jirgin ƙasan da ya tare kafin ya rufta su ma suka bi sahu. Da diyya ta ishi gwamnati, sai ta yi wa jaruman afuwa bisa sharaɗin su ajiye kayan aiki, su sauya suna, su saje da jama'a. Shekara goma sha biyar bayan haka ne muka same shi da tumbi, da mata, da 'ya'ya uku, da aiki a kamfanin inshora.

Wurin da na fi tsayawa a fim ɗin shi ne cin abincin dare. Helen, matarsa, tana fama da ba jariri abinci, ta ce wa Bob ya yanka wa ɗansu Dash nama. Yana yankawa idonsa na kan jarida. Ta ba shi labari cewa an kira ta makaranta saboda yaron ya ajiye wa malaminsu ƙusa a kan kujera, malamin ya ɗauki ajin da kyamara amma gudun yaron ya sa ba a ganin komai a faifan. Uba ne ya kamata ya ɗaure fuska. Shi kuwa murna ce ta kama shi, yana tambayar wai wane irin gudu yaron ya yi haka, wuƙar da ke hannunsa ta ratsa nama ta raba farantin biyu. Ya miƙe da jaridarsa ya bar wajen. Kafin ya dawo Dash da yayarsa Violet sun kaure da faɗa, uwar ta miƙe hannuwanta ta ƙarƙashin tebur tana riƙe da su biyun tana ƙwala masa kira ya zo ya raba. Rabon da ya iya shi ne ya ɗaga teburin da duk wanda ke maƙale da shi. Sai aka taɓa ƙararrawar ƙofa. Kafin ƙiftawar ido kowa ya koma kujerarsa ya ɗauki cokali. Duk gidan da ake rigima baƙo ya yi sallama ya san wannan saurin gyara fuska.

Bird ya sha faɗa cewa daga matsayin kowa a gida ya ɗauko baiwarsa. Uba ana son ya zama mai ƙarfi, sai aka ba shi ƙarfi. Uwa ana jan ta ta ko'ina, sai aka yi jikinta mai miƙewa. Budurwa mai tasowa kunya ta yi mata yawa, ta fi son kada a gan ta, sai ta zama mai ɓacewa da kafa wa kanta garkuwa. Yaro ɗan shekara goma ba ya zama wuri ɗaya, sai gudu. Jariri kuwa ba wanda ya san abin da zai zama. Shi ya sa faɗan teburin bai yi kama da na aljanu ba. Ko gashin Violet, wanda ya ba masu kwamfutar Pixar wahala ƙwarai domin wannan ne fim ɗinsu na farko da duk manyan 'yan wasansa mutane ne, an sa shi aiki: a farko ya rufe mata rabin fuska, a ƙarshe ta tattare shi baya.

A ofis ne, in ka tambaye ni, Bob ya yi jaruntarsa mafi kyau, kuma da raɗa ya yi ta. Wata tsohuwa ta zo tana kuka, kamfani ya ƙi biyan ta haƙƙinta, ga shi ba ta da wani abin dogaro. Ya ɗaga murya yadda maƙwabtansa na aiki za su ji ya ce ba abin da zai iya yi mata. Sannan ya sunkuyo ya ce ta rubuta: ga sunan matar da za ta nema a hawa na uku, ga takardar da za ta cike, ga ofishin da za ta kai ta. Da za ta fita ya ce ta yi kamar ranta ya ɓaci. Wanda ya taɓa yawo da fayil daga tebur zuwa tebur ya san darajar irin wannan raɗa, kuma ya san mai yin ta aikinsa yake sa wa a kasada. Ai kuwa maigidansa, wani ɗan guntun mutum mai suna Huph, ya kira shi yana ƙorafin cewa abokan cinikin Bob sun san cikin kamfani fiye da kima, masu hannun jari kuma wa zai kula da su. Ana cikin wannan huɗuba Bob ya hango ta taga ana yi wa wani fashi a titi. Huph ya ce in ya fita a bakin aikinsa. Ya tsaya, ɓarawon ya tsere, riƙon shekara goma sha biyar ya tsinke, ya jefa maigidan nasa ta cikin bango da dama. Fim ɗin ya bar mu mu yi dariya, amma bai yafe masa ba: Huph yana asibiti an naɗe shi da bandeji, aiki ya tafi, jami'in gwamnati mai ɓoye sirrinsu yana lissafa abin da kowane irin wannan ɓarin zuciya yake ci.

Daga nan labari ya kama hanyar da aka sani. Saƙon asiri, tsibiri, mutum-mutumin ƙarfe mai koyon dabarun abokin faɗansa, ƙarya ga mata cewa kamfani ne ya tura shi taro. Abin da ya tona shi ƙarami ne: gashi guda a kan kwat, da ɗinkin da Helen ta gani a tsohuwar rigar jaruntarsa ta gane hannun wanda ya yi.

Mai wannan ɗinki ita ce Edna Mode, gajeriyar tela mai kaifin baki, wadda Bird da kansa ya yi wa murya. Bob ya nemi ta sa masa alkyabba a sabuwar riga, ta ce atafau, ta shiga lissafa masa jaruman da alkyabbarsu ta kashe: wannan ta sarƙe a makami mai linzami, waccan injin jirgin sama ya zuƙe ta, wancan ta maƙale a na'urar hawa bene. Hujjarta irin ta mai injin niƙa ce da yake korar mai babbar riga daga kusa da bel. Ado na da wurinsa, wurin aiki kuwa abin da ke lilo a jikinka shi ne abin da za a kama ka da shi. A ƙarshe mugun fim ɗin, wanda ya sa wa kansa alkyabba don a gan shi, ita ce ta ja shi cikin injin jirginsa.

A kan wannan mugu ne nake da ja da fim ɗin. Sunansa Buddy Pine, kuma tun yana yaro muka fara ganinsa, masoyin Mista Incredible na gani-kashe-ni. Ba shi da wata baiwa ta haihuwa. Da kansa ya ƙera takalman da ke tashi sama, ya ɗinka riga, ya zo yana roƙon a ɗauke shi yaron aiki. Bob ya ce shi kaɗai yake aikinsa, ya miƙa shi ga 'yan sanda su mayar da shi gida. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: yaron ya girma ya zama Syndrome, attajirin makamai, yana yaudarar tsofaffin jarumai zuwa tsibirinsa yana kashe su ɗaya bayan ɗaya don gwada injinsa. Burinsa na ƙarshe shi ne ya sayar wa kowa da ƙere-ƙerensa, domin in kowa ya zama gwani to babu sauran gwani. Kisan da ya yi ba abin karewa ba ne, kuma gaskiya ne shisshiginsa a daren da aka kore shi ne ya jawo haɗarin jirgin ƙasa. Amma a lura da rabon: waɗanda aka haifa da baiwa su ne mutanen kirki, wanda ya kai matsayi da ƙwaƙwalwarsa da guminsa shi ne annoba. Masu sharhi a Amurka sun daɗe suna tsokanar Bird da wannan, shi kuma yana cewa sun yi wa fim ɗin mummunar fahimta. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne fuskar yaron a lokacin da aka kore shi. Mutumin da ya samu haƙurin yi wa tsohuwa raɗa bai samu minti biyar ga yaro mai hazaƙa ba, kuma haƙurin da ya ba shi daga baya ya zo ne bayan ya ga uwar bari.

Helen ce ta fi kowa sanin lokacin riƙewa da lokacin sakewa. Ita ce take hana Dash shiga wasannin makaranta shekara da shekaru. Amma bayan an harbo jirginsu a hanyar tsibirin, inda ta tafi neman Bob da Violet da Dash a ciki, ta mayar da jikinta laima suka sauka, ta sake mayar da shi kwale-kwale Dash yana tura su da ƙafa, sai ta zaunar da yaran a kogo ta gaya musu magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce mugayen nan ba irin na katun ɗin safiyar Asabar ba ne, ba za su ɗaga ƙafa don ku yara ne ba. Ta ce wa Dash in abu ya ɓaci ya yi gudu iya ƙarfinsa. Yaron har sai da ya maimaita maganar don ya tabbata kunnensa ya ji daidai. Can da ana bin sa ya duba ƙasa ya ga a kan ruwa yake gudu bai nutse ba, ya fashe da dariya. Ban san wata dariya a finafinan Pixar da ta kai wannan daɗi ba.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu, sai a 2018 aka yi masa ci gaba, inda Helen ta fita aiki Bob ya zauna reno. Amma na farkon ya ƙare ne a filin wasan makaranta, wata uku bayan faɗan ƙarshe. An bar Dash ya shiga tsere. Iyayensa suna kan benci suna ihu ya ƙara wuta, da ya wuce kowa suka koma ihun ya rage, ya rage, ya zo na biyu, na biyu kusa da na ɗaya. Wani mutum a gefensu ya bi su da kallon mamaki. Dash ya karɓi kofin na biyu yana washe baki, kowa a gidan ya gamsu an samu matsakaiciya. Ni kuwa hankalina yana kan yaron da ya zo na ɗaya, wanda zai je gida ya shaida wa iyayensa cewa duk makarantar ba wanda ya kai shi gudu.