Itatuwan Gawon da Na Mayar Katako

Duk wanda ya bi hanyar Magariya zuwa Dungas a tsakiyar rani ya san abin da ido ke fara cin karo da shi: ƙasa fara fat, an kwashe kara daga gonaki, amma sama kore shar. Gawo ne. Shi ne itacen da ke saɓa wa sauran itatuwa, ya zubar da ganye idan damina ta sauka, ya yi sabo lokacin da kowa ke kakkaɓe nasa. Mu mutanen Mallawa a ƙarƙashinsa muka tashi, a nan muka noma hatsi da wake da riɗi, har sabo ya sa muka daina ganinsa. Ina cikin waɗanda sabon nan ya rufe wa ido. Ni ne na kai injin zarto gonar gidanmu, na sa aka kayar da manya uku aka tsaga su katako, ba wanda ya tilasta mini, ba kuma wanda na shawarta.

Itatuwan nan renon hannu ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda gonar take bayan farin 1984: fili fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, sai an maimaita iri kafin ya kama. A wancan lokaci manomin kirki shi ne wanda ya share gona ƙal, duk tohon da ya fito a sare a ƙone. Ga kuma doka. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itace a idon talaka na gwamnati ne, to wa zai reni abin da ba nasa ba? Yunwa ce ta sauya tunanin mutane. Suka fara barin tohon da ya fito daga saiwa ko daga kashin dabbobi, su zaɓi mai ƙarfi, su rage masa rassa, su kauce masa da hauya lokacin noma. A Maraɗi, Tony Rinaudo ya yi suna wajen yaɗa wannan dabara tun 1983, wadda ake kira sassabin zamani. A wajenmu kuwa galibi maƙwabci ne ya gani a gonar maƙwabci. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya Magariya da Matamaye da Mirya a 2006, sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo cikinsu sun kai kadada kusan miliyan ɗaya, kuma gawo ne kan gaba. Biyu daga cikin ukun da na sare Baba ne ya rene su a waɗancan shekaru. Na ukun ya girme shi, a gonar ya tarar da shi.

Duk wannan na san shi. Ina koyarwa a makarantar boko, na sha jagorantar yara dashen itace ranar 3 ga Agusta, na sha ba su labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ake cewa a zamaninsa saran gawo laifi ne da kan iya kai mutum ga rasa ransa. Don haka ba zan fake da jahilci ba. Abin da ya same ni buƙata ce ta haɗu da lissafin son rai.

Bayan rasuwar Baba na fara gini, na zo wurin ƙofofi da tagogi da rufi sai kuɗi suka yanke. Katakon da muke saye daga Najeriya yake zuwa, daga dazuzzukan kudu ya biyo ta Kano, kafin ya iso mana kuɗin mota da na hanya sun hau kansa. Wani abokina da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ce ya san mai inji da zai zo har gona, a biya shi kuɗin aiki da na mai. A daidai lokacin kuma na ji a rediyo ana bayanin dokar watan Yuli na 2020, wadda ta amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin amfana da shi. Sai na ɗauki abin da ya yi mini daɗi a cikin maganar na bar sauran. Ban tsaya na tuna cewa gawo na cikin itatuwan da dokar daji ta 2004 ta tsare ba, waɗanda ba a kayarwa sai da izini. Ban kuma tuna abin da ya fi wannan nauyi ba: ba a raba gado ba tukuna, gonar ta mu duka ce, da ƙannena mata da matar Baba da ƙananan ƴaƴanta.

Mai injin ya zo da sassafe a kan babur, da yaransa biyu da jarkar mai. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi; aikin da na ɗauke shi ya yi, kuma gwani ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi itacen farko yana ƙasa. Suka datse rassa, suka yanka gangar gunduwa-gunduwa, suka tsoma zare a baƙin mai suka ja layi a jikin gungumen, shi kuma ya bi layin da bakin inji, ba wani abin da ke riƙe masa sai ido da damtse. Sai an fara fafe gefe huɗu an zubar kafin a soma fitar da katako. Lokaci-lokaci ya kashe inji ya wasa haƙoran sarƙa da magagari, domin rairayin da iska ta cusa cikin ɓawo yana dakushe su. Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne tulin garin katako. Sarƙar inji tana cin kusan santimita ɗaya a kowane yanka, alhali siririn zarton da ke gidajen yankan katako na zamani bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Idan aka haɗa da gefen da aka zubar da wuraren da suka yi kogo, abin da ya hau amalanke bai kai rabin itacen ba.

Baffa, ƙanen Baba, ya iso gonar a ƙafa bayan azahar, ƙarar inji ce ta kawo shi. Lokacin an gama da na ukun. Ya daɗe tsaye bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ɗana, wa ka shawarta?” Na ce, “Baffa, ai yanzu doka ta bar wa manomi itacensa.” Ya ce, “To, kai ka rene su?” Bai ƙara ba, ya juya.

Kafintan da na kai wa katakon ma ya faɗa mini gaskiya tun ranar. Ya danna farce a jiki ya ce, “Malam, wannan ɗanye ne, kuma gawo ne. Ko ya bushe ba ya zama lafiya.” Ya ce in jera su a inuwa, a ɗage su daga ƙasa, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a danne da nauyi, a bar su watanni. Ni kuwa damina nake tsere wa, na matsa masa ya yi aikin. Gawo itace ne mai laushi, mara nauyi, yana murɗewa bayan an tsaga shi, kuma ƙwari na son sa. Ba a jima ba ƙofofin suka karkace suka ƙi shiga mazauninsu, baƙin tabo ya fito musu, aka fara ganin gari na zuba daga ƙananan huji. Gara ta ƙarasa sauran. Daga baya sai da na sayi ƙofofin ƙarfe, wato kuɗin da na guje wa na biya su, ga kuma tarar da ma'aikatan gandun daji suka ci ni, wadda ban yi musu a kanta ba don da gaskiyarsu.

Da asarar ta tsaya a aljihuna da ba zan dami kowa da labarin ba. A gona ta fi bayyana. Wanda ya taɓa yanka hatsi a gindin gawo ya san zangarniyar wurin dabam take. Ganyen da ya zuba a farkon damina taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ba ya hana shuka rana tunda a lokacin ba shi da ganye, dabbobin da suka yini a inuwarsa da rani kuma sun bar kashi da fitsari. Shekarar farko ƙasar ta ci ragowar abin da ta tara. Daga nan wurin ya fara komawa daidai da sauran jigawa, dammunan da muke ɗaurewa a gefen nan suka ragu, iskar farkon damina ta samu hanya.

Akwai kuma waɗanda ban taɓa sa su a lissafi ba. Inna, matar Baba, da ƴaƴan gawon nan take kiwon ragon da take sayarwa gab da layya. Yaranta ke tsinto su da asuba, abin da ya yi saura ta auna a tiya ta sayar. Bafillacen da ya saba sauka da shanunsa a gonarmu tun zamanin Baba ya koma wata gona mai inuwa, takinsa ya bi shi. Maƙwabcinmu da ke ɗora amya a babban ya sauke ta tun ranar, domin gawo na fure ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da zuma ba ta da wani furen kirki. Na je na durƙusa gaban Inna na nemi gafara. Ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya,” amma ta ƙara da cewa Baba bai taɓa datse ko reshe a babban ba sai ya gaya musu. Na biya ƙannena kasonsu na kuɗin katakon daga albashi, sannu a hankali. Kuɗin ƴaƴan gawo na shekarun da ke tafe kuwa ba wanda ya san yadda za a ƙiyasta shi.

Na daɗe ina tunanin abin da ya bambanta inji da gatari, kuma a ganina ba ƙarfi ba ne kawai. Mai gatari idan ya tasar wa babban gawo sai ya yini, wani lokaci ya kwana ya dawo. Sara na tashi ana ji daga nesa, mai wucewa ya tsaya ya tambaya, labari ya kai gida, dattijo ya iso itace na tsaye. Jinkirin nan shi ne ke ba shawara damar riskar mutum. Masassaƙanmu ma ba sa faɗa wa itace haka kawai. Sun san kirya ce ta turmi, aduwa ta allo da ƙota, giginya ta azara, kuma sukan ɗauki abin da hannu zai iya sarrafawa. Inji ya ɗauke jinkirin nan gaba ɗaya. Baffa ya taso da ya ji ƙara, amma kafin ya iso gona an gama aikin. Saboda haka duk shawarar da gatari ke bari a yi ana cikin sara, mai kiran inji dole ya gama ta kafin ya ɗaga waya, da ƴan gida, da maƙwabtan gona, da kafintan da zai gaya masa ko itacen na katako ne, da hukumar da ke ba da izini.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙasar Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji tun 1998, amma bincike ya nuna mafi yawan katakon kasuwanninta na cikin gida daga gare shi yake fitowa. A Taraba da wasu sassan Afirka ta Yamma, cinikin madobiya zuwa ƙasar Sin ya share dazuzzuka cikin ƴan shekaru, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun 2017. Waɗannan wurare ne masu daji. Mu ba mu da daji, abin da muke da shi itatuwan cikin gona ne, kowanne da wanda ya rene shi da waɗanda ke ci daga gare shi.

Ban ce a kori inji daga ƙasarmu ba. Yana da wurinsa: itacen da iska ta kayar, wanda ya bushe a tsaye, bedi da turare da aka dasa musamman don gini, waɗanda ke sake toho bayan an sare su. Na dasa layin bedi a iyakar gonar ta gabas saboda wannan, mun kuma yi magana a gida cewa ba a ƙara taɓa babban itace sai kowa mai haƙƙi ya ji. Tohon gawon da ya fito kusa da kututtura na zaɓi masu ƙarfi na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Abin da nake nema a wurin magabatanmu kaɗan ne: duk mai injin da zai shigo ya fara biyawa ta wurin mai gari, ya nuna takardar izini, a faɗi gonar da itacen, a bar kwana ya ratsa tsakanin sanarwa da tayar da inji. Na kai wa mai garinmu maganar tare da Baffa, ya ce a bari a gama girbi ya tara masu unguwanni a ji ta bakinsu.