Dutse A Maimakon Tsumagiya

Kafin in shigo jami'a, sai da na yi shekara uku ina koyarwa a wata makarantar firamare. A lokacin ba na shiga aji sai da tsumagiya a hannu. Da ita aka koyar da ni, ni ma da ita nake koyarwa, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba. Wadda ta fara sa mini shakka wata marubuciya ce 'yar ƙasar Suwidin, mai suna Astrid Lindgren. Labarinta nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda aji ke jiransu bayan sun gama.

An haifi wannan baiwar Allah a shekarar 1907, a wata gona kusa da garin Vimmerby. Ta tashi cikin wasa da tatsuniya, amma ƙuruciyarta ta ƙare da wuri. Tana da shekara goma sha takwas ta sami ciki ba aure, ta bar garinsu ta koma birnin Stockholm. A 1926 ta haifi ɗa namiji a ƙasar Denmak, kuma saboda rashin hali ta bar shi a hannun masu riƙo har shekara uku, tana aikin sakatariya, tana tara kuɗin jirgi don ta je ta gan shi. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda littattafanta suka cika da marayu da yaran da ke fama da kaɗaici ba.

Shigarta rubutu kuwa ba shiri. A 1941 'yarta ta kwanta ciwon huhu, ta roƙe ta ta ba ta labarin wata Pippi, sunan da yarinyar ta ƙaga nan take. Uwa ta shiga zubo labari dare bayan dare. A 1944 ta zame a kan ƙanƙara ta gurɗe, kwanciya ta kama ta, sai ta rubuta labarin. Kamfanin ɗab'i na farko da ta aika wa ya ƙi karɓa. A 1945 ta gyara shi ta shiga gasar kamfanin Rabén da Sjögren, ta zo ta ɗaya, aka buga shi.

Ita Pippi yarinya ce 'yar shekara tara mai jan gashi, tana zaune ita kaɗai da doki da biri, kuma ƙarfinta ya kai ta ɗaga dokin sama. Ba ta tsoron kowa, amma ba ta taɓa zaluntar wanda ta fi ƙarfi ba. Wasu malaman Suwidin sun soki littafin, wai zai lalata tarbiyya. Yara dai suka rungume shi. Ni ma na shaida haka, domin fassararsa ta Turanci na tsinta wurin mai sayar da tsofaffin littattafai, na riƙa karanta wa 'yan ajina ina mayarwa Hausa. Ranar da ake labarin Pippi ba na bukatar tsumagiya, aji tsit yake.

A 1958 aka ba ta lambar Hans Christian Andersen, wadda ke cikin mafiya daraja ga marubutan yara. A 1978 kuma masu sana'ar littattafai na Jamus suka ba ta lambar zaman lafiya a birnin Frankfurt. Da suka ga jawabin da ta shirya a kan dūkan yara yake, sai suka so ta bar shi. Ta ce in ba za ta karanta ba, to ba za ta zo ba. Suka haƙura.

A cikin jawabin ta ba da labarin da wata tsohuwa ta ba ta. Wai tana matashiya ɗanta ya yi laifi, ta aike shi ya samo tsumagiyar da za ta dake shi. Yaro ya daɗe, ya komo yana kuka, ya ce bai sami tsumagiya ba, amma ga dutse ta jefe shi. A ganinsa, tunda ciwo uwarsa ke so ta ji masa, ai dutse ma zai yi. Uwar ta fashe da kuka, ta ajiye dutsen a ɗakin girki don ya riƙa tuna mata. Shekara guda bayan jawabin, a 1979, Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta hana dūkan yara ko da a gida ne.

Da na karanta wannan, sai na tuna wani yaro a ajina. Wata rana na miƙa masa alli ya yi lissafi a allo, kafin hannuna ya isa gare shi ya kare kansa da hannu biyu. Aji ya yi dariya, ni ma na yi. Sai daga baya na gane abin da na koya masa ke nan a shekara guda: in malam ya miƙo hannu, duka ne.

Na san za a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Suwidin daban, ajin yara saba'in daban. Gaskiya ne, ni ma bayan na ajiye tsumagiya na sha wuya, har sau biyu na koma mata. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Astrid Lindgren ta rasu a 2002 tana da shekara 94, gwamnatin ƙasarta ta kafa babbar kyautar adabin yara da sunanta. Mu 'yan wannan ƙungiya kowa burinsa ya rubuta wa manya. To, wa zai durƙusa ya dubi duniya daga inda yaro yake tsaye, ya rubuta masa da Hausa? Allah ya sa a cikinmu a samu.