Lambobi Huɗu a Hanyar Abuja

A tsakiyar Disambar 2024 na tashi daga Kano zuwa Abuja, don in ga yadda ake kai kasafin kuɗin ƙasa gaban majalisa. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, har muka bar tashar Unguwa Uku rana ba ta leƙo ba. Kafin mu wuce Na'ibawa an gama faɗan kuɗin mota. Direba bai ja magana ba, cewa ya yi duk mai ƙorafi ya leƙa gidan mai: litar da ake sha ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ga ta a lokacin ta haura dubu.

Daga Kura zuwa Kadawa noman rani ya fara kore, ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai, kwandunan tumatir sun soma jeruwa a bakin titi. Noma shi ke ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙasar nan ke samarwa, man fetur kuwa bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Amma idan ma'aikatan kasafi suka zauna hasashen baɗi, ba da damina suke farawa ba. Lambobi huɗu ake fara yankewa: nawa za a sayar da gangar ɗanyen mai, ganga nawa za a haƙo a rana, naira nawa za ta sayi dala ɗaya, sai yadda farashin kaya zai hau. Albashi da titi da asibiti da biyan bashi, duk a kan waɗannan huɗun ake ɗora su, kuma babu ko ɗaya da gwamnati ke riƙe da linzaminsa sosai.

Titin da muke kai ma shaida ne. An fara gyaran hanyar Abuja zuwa Kano a 2018 kan naira biliyan 155, aka ce shekara uku za a gama. Ɓangaren Kano zuwa Zariya ya yi sumul, mota na gudu har direba yana ɗan waƙa, amma daga Kaduna zuwa Abuja a lokacin aikin yana nan jiran wani kasafin. Saboda haka da muka wuce Kwangila da Jaji muka shiga Kaduna, sai na nufi Rigasa na hau jirgin ƙasa.

A taragonmu hira ɗaya ce: ƙudurorin gyaran haraji da shugaban ƙasa ya aika majalisa, da gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba. Kowa da lissafinsa na abin da Kano za ta rasa da abin da Legas za ta samu, kuma babu lissafin wani da ya yi daidai da na maƙwabcinsa. Na yi shiru ina saurare har Kubwa, inda na sauka.

Mai masaukina ƙanin mahaifiyata ne, wanda ya yi ritaya bayan shekaru yana harhaɗa alƙaluman kasafi a wata ma'aikata. Bayan sallar isha'i da tuwo, na ce, "Kawu, su waɗannan lambobin daga ina ake samo su?"

Ya ce a takarda abin a tsare yake. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta ce gwamnati ta kai wa majalisa tsarin kashe kuɗi na shekara uku aƙalla wata huɗu kafin sabuwar shekara, kuma giɓin kasafi kada ya wuce kashi uku cikin ɗari na arziƙin ƙasa sai da babban dalili. Ofishin Kasafi na Tarayya ke tattara bayanai: hukumomin mai su faɗi gangunan da suke sa rai, hukumar haraji da kwastan su kawo nasu ƙiyasin, ofishin kula da bashi ya faɗi abin da za a biya. Daga nan a yanka wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta nema. Tsarin kashe kuɗi na wannan karon sai a Nuwamba ya isa majalisa.

"To amma ɗan nan," in ji shi, "duba abin da ke faruwa idan takardar ta shiga zaure." Ya fara lissafowa da ka, ba littafi. A kasafin 2020 gwamnati ta ce dala 55 kowace ganga, majalisa ta ce 57, kasafi ya tashi daga naira tiriliyan 10.33 zuwa 10.59. A na 2023 aka ɗaga daga dala 70 zuwa 75, kasafi ya tashi daga tiriliyan 20.51 zuwa 21.83. A na 2024 canji aka taɓa, daga naira 750 zuwa 800, tiriliyan 27.5 ta koma 28.78. Ba wani sabon labari ne ya zo daga kasuwar duniya ba a tsakanin. Ana son gurbin cusa ayyukan mazaɓu, hanya mafi sauƙi kuma ita ce a ƙara wa hasashen kuɗin shiga tsawo. Ya ce tamkar magidanci ne da ya ga cefane ya fi ƙarfin aljihu, sai ya ɗauki biro ya ƙara wa kansa albashi a takarda.

A nan na fi daɗewa ina juya maganar, domin kuskuren hasashe iri biyu ne, kuma mukan haɗa su a kwando ɗaya. Akwai wanda babu mahaluƙin da zai kauce masa. Wa ya hango korona a Disambar 2019? Dole ta sa aka dawo da kasafin 2020 aka rage farashin ganga zuwa dala 28, aka mai da canji 360 daga 305. Akwai kuma wanda ake maimaitawa kowace shekara, kuma kullum ɓangare ɗaya yake karkata. A 2016 an ce ganga miliyan 2.2 a rana, masu fasa bututu a yankin Neja Delta suka ce ba haka ba, tattalin arziƙi ya tsuke. A 2024 an ce miliyan 1.78, abin da aka haƙo bai yi nisa da miliyan ɗaya da rabi ba. Giɓin ganga dubu 250 a rana, a farashin dala 77.96 da aka rubuta, ya kusa dala miliyan 20 kullum, ko da yake ba duka ne rabon gwamnati ba. Mai hasashe na gaskiya yakan yi sama wata shekara, ya yi ƙasa wata. Wanda kullum sama yake yi, buri yake rubutawa.

Kawu ya ƙara da wani abin da ban taɓa lura da shi ba. Kuskuren canji na 2024 gwamnatoci ya yi wa daɗi. An rubuta 800, dala ta wuce 1,500 tun watan Fabrairu, saboda haka kowace dalar mai ta haifi kusan ninkin nairar da aka zata, kason da jihohi ke karɓa a rabon wata-wata ya kumbura. Sai dai siminti da magani da bashin waje su ma sun bi dala. An yi hasashen hauhawar farashi kashi 21.4, ga shi alƙaluman Nuwamba sun ce 34.6. Ya tuna mini asusun rarar mai da aka buɗe a 2004 zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, wanda hikimarsa ita ce a rubuta farashi ƙasa da na kasuwa a adana ragowar. Ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008. Zuwa 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Ranar Laraba 18 ga wata na shiga cikin gari. Jami'an tsaro sun tsare hanyoyin da ke zuwa majalisa, ni kuma ba ni da katin gayyata, don haka koriyar kubbar ginin daga nesa na hange ta. A wani gidan abinci kusa da sakatariyar tarayya na samu kujera gaban talabijin, tare da ma'aikata da direbobin manya. Shugaba Bola Tinubu ya karanto kasafin naira tiriliyan 49.7: ganga miliyan 2.06 a rana, dala ta sauko daga wajen 1,700 zuwa 1,500, hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 34.6 zuwa 15. Farashin gangar da aka gina lissafin a kai dala 75 ne. Biyan bashi kaɗai zai ci sama da tiriliyan 15, fiye da abin da aka ware wa tsaro da ilimi da lafiya a haɗe, giɓi kuma ya haura tiriliyan 13. Da aka ambaci kashi 15, wata mata da ke kusa da ni ta ajiye cokali ta ce, "Allah ya sa." Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tafa. A ranar ce majalisa ta ƙara wa ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 wa'adi zuwa ƙarshen Yunin 2025, wato sabon zai tarar da tsohon bai tashi daga kujera ba.

Da la'asar na ratsa Wuse Zone 4, inda 'yan canji ke daddale da Hausa kamar kana Wapa a Kano. Na tambayi wani dattijo ko ya ga dala za ta zauna a 1,500. Ya ce, "Alhaji, hangen Dala ba shiga birni ba ne. In kana da ita kawo, in kana so faɗi nawa." Shi hasashensa ba ya wuce awa guda, kuma da kuɗinsa yake biyan kuskurensa.

Da dare na kai wa Kawu wannan magana, ya ce ai nan gizo ke saƙa. A Birtaniya, tun 2010 aka ƙwace aikin hasashe daga hannun ministan kuɗi aka ba wani ofishi mai zaman kansa, OBR. Sau biyu a shekara yake fitar da alƙalumansa, kuma duk shekara yana wallafa rahoton inda ya yi kuskure da dalilin kuskuren. Shi ma yana kuskure, sosai ma, amma ba shi ke kashe kuɗin ba. A Satumban 2022 gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji ba tare da hasashen ofishin ba, fam ya faɗi, kuɗin ruwa ya tashi, kafin ƙarshen Oktoba ta bar mulki. Mu ma dokar 2007 ta kafa hukumar sa ido kan kashe kuɗi, sai dai ba ita ke yin hasashen ba, kuma ba a ba ta sandar dukan mai saɓawa ba. Ni dai ban ga ofishi kawai zai gyara mana hali ba, amma na yarda da rabin maganar: a bar wanda ba shi da kwangila a cikin kasafi ya faɗi ganga nawa za a haƙo, kuma a dawo ƙarshen shekara a karanta a zaure abin da aka ce da abin da aka samu.

Na koma Kano ta hanyar da na zo, sauran labarin a rediyo na bi shi. Kasafin ya ƙara kumbura kafin a sa masa hannu ranar 28 ga Fabrairun 2025, ya zama tiriliyan 54.99. A wajen canji an kusa dacewa, domin dala ta yi ta kai-komo tsakanin 1,500 da 1,600 a watannin farko. Gangar mai kuwa ta gangaro kusa da dala 60 a Afrilu da Mayu, haƙowa kuma ko miliyan 1.8 ba ta kai ba. Hauhawar farashi ta rufe 2024 a kashi 34.80, sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'auninta, ta bar kwandon kayan 2009 ta koma na 2024, alƙaluman Janairu suka fito 24.48. Sabuntawar ta daɗe da cancanta, kuma ba farashi ne ya sauka a kasuwar Dawanau cikin wata guda ba. Amma kashi 15 ɗin da aka yi alkawari a kan tsohon sikeli, da sabon za a auna shi.