Abin da Mama Ta Yi da Tsoronta

Mu da muka yi wayo a Kaduna kafin shekara ta 2000 mun san wani gari da 'ya'yanmu ba su sani ba. A lokacin, Kirista yakan kama haya a Tudun Wada ko Rigasa, Musulmi ya gina gida a Television ko Sabon Tasha, babu mai cewa uffan. Mu a Tudun Wada muke, gidan haya, kuma mu kaɗai ne masu zuwa coci a cikinsa. Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri. Mama tana suyar ƙosai, ga ta kuma jigo a Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta ECWA, ita ce mai kaɗa tulu in za a yi waƙa.

Ranar Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000, Kiristoci suka fito zanga-zanga kan shirin kafa shari'ar Musulunci a jihar. Gwamna Ahmed Makarfi ba ya ƙasar, mataimakinsa Stephen Shekari ne ke riƙe da kujera. Kafin azahar gari ya kama da wuta. Aka sallame mu daga makaranta, na iso gida da gudu, Baba kuwa yana can Kakuri, a ƙetaren kogi, babu hanyar dawowa, babu kuma wayar hannu a wancan zamani da za a ji ko yana raye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan yini shi ne hannun Mama. Rawa yake yi, har ta kasa ɗaura ɗankwali. Matar da nake ji tana gaya wa mata cewa Ubangiji yana da iko bisa kome, ga ta tana karkarwa a gabana. Ta tara mu a uwar ɗaki, ta sa yayata ta karanta Zabura ta 91, ta yi addu'a da muryar da ba ta fita sosai. Ana cewa amin ta miƙe ta shiga ɗaure takardun makarantarmu a leda, ta ƙulle kuɗin ƙosai a bakin zane, ta sa kowa ya sa takalmi. Na ce, "Mama, ba mun yi addu'a ba?" Ta ce, "Mun yi. Sa takalminka."

Da magariba maƙwabcinmu, wani tela Bazazzage, ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Maman yara, ku taso ku koma ɗakin iyalina. Wanda zai taɓa ku sai ya fara da ni." Matarsa ta yafa wa Mama da yayata mayafi. Washegari ya rako mu har inda motar soja take tsaye, aka kai mu bariki, inda muka tarar da jama'a kwance a fili, Kirista da Musulmi, kowa da ƙunshinsa. Can Baba ya same mu. Mama ta sha ba da wannan shaida a coci, kuma ba ta taɓa cire telan daga labarin ba, ko da ta ga fuskokin wasu sun canja. Cewa take yi Allah ne ya aiko shi, kuma ba ita za ta zaɓar wa Allah ɗan aike ba.

Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. A cikinsu akwai wata abokiyar Mama a Zumunta, wadda ta fi ta azumi, ta fi ta zuwa addu'ar asuba. Ita ma ta san Zabura ta 91. Wannan ya dame ni ƙwarai ina saurayi, har na tambayi Mama ko addu'ar matar ce ba ta isa ba. Ranta ya ɓaci. Ta buɗe mini Daniyel sura ta 3, inda Shadrak da Meshak da Abednego suka shaida wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon fid da su daga tanderu, amma ko bai yi ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Ta kuma tuna mini da Gatsemani: Yesu da kansa ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon, ba a kawar ba, kuma ba wanda zai ce addu'arsa ce ta gaza.

Shi ya sa har yau raina ba ya kwanciya da wa'azin da ke mayar da Zabura kamar laya, wai in ka karanta ta, ka ba da baiko mai tsoka, harsashi ba zai same ka ba. Mai irin wannan wa'azi bai tsaya a bakin kabarin wancan Fabrairu ba, ko kuwa ya tsaya ya manta. Yana kuma ɗora wa mai makoki kaya biyu, ga rashi, ga zargin cewa bangaskiyar mamacin ce ta yi kaɗan.

Bayan rikicin ya sake tashi a watan Mayu, muka bi sahun masu ƙaura zuwa kudancin kogi, muka sauka a Sabon Tasha. A watan Agusta na 2002 shugabannin addinai suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi wa ɗawainiya. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke. Mama ta sake karkarwa, ta sake tara mu, ta sake ɗaure takardu.

Yanzu ta tsufa, tulun ma ta miƙa wa wata. Aiki yakan kai ni Abuja, kuma tun harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022, ba ta yarda in kama hanya ba tare da na biya ta wurinta ba. Takan dafa kaina ta yi addu'a cikin sunan Yesu, doguwa, har sai direba ya fara danna oda. Sannan ta ce kada in kuskura in taso bayan la'asar, kuma in kira ta da zarar mun wuce Rijana.